Abin da Ya Sa Sitiyarin Tsohuwa Ya Yi Nauyi

Ganu, Paraku
Alhamis, bayan la'asar

Zuwa ga 'yata Salamatu, Uwata ta kaina,

Da sunan Allah nake farawa. Aminci ya tabbata a gare ki. Ina roƙon Wanda ya raya ki a gaban idona ya ci gaba da tsaron ki a inda idona ba ya kaiwa. Ya sauke ki Jugu lafiya, ki tarar da Gwaggonki Ladi da mutanen gidanta cikin alheri, ki shiga aikinki na ungozoma a Bariyenu da ƙafar dama.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. Akwai maganar da bakina ya kasa ɗauka, shi ya sa na ɗora wa alƙalami. Zan sa ta a aljihun mota bisa takardu, inda na san sai kin gan ta. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya koya wa yaran unguwar nan jan layi, yau ba ya iya jan nasa.

Jiya kika dawo daga kasuwa kika buga ƙofar mota har kajin maƙwabta suka watse.

Kika ce, "Baba, wa ya taɓa Tsohuwa?"

Na ce, "Bio ne ya duba ta."

"Duba ta ya yi ko ɗaure ta? Saura kaɗan in kwashe tiren mai tumatir a kwanar kasuwa. Kafaɗuna kamar na daka sakwarar gidan biki."

"Za ki saba."

"Ba zan saba ba. Ina isa Jugu zan nemi makanike ya kwance abin da ya yi. Tsufa ya kama Baba Bio."

Na yi dariya, kika ɗauka na yarda. Ban yarda ba, Uwata. Bio, makanikenmu, bai yi kuskure ba. Ni na sa shi ya rage wa sitiyarin laushi, kuma abu ɗaya nake roƙon ki a duk wannan doguwar takarda: kada ki bari kowa ya mayar da shi yadda yake a da. Ba zan ce ki bi don ni ne ubanki ba. Zan gaya miki dalili, ko da yake dalilin ba zai ƙara mini daraja a idonki ba.

Bari in fara daga nesa, kin san halina.

Lokacin da nake ɗan makaranta a Jugu, in an ba da hutu, babana yakan tura ni bin Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Kawu yana tuƙa babbar motar goro. Sitiyarinta ya kai faɗin faifai uku, kuma babu abin da ke taya direba juya shi sai damtsensa. In muna tafiya sai ya ce in ɗora tafin hannuna a gefen sitiyarin.

"Me ka ji, ɗan boko?"

"Rawa yake yi, Kawu."

"Kowa ya san rawa yake yi. Wace irin rawa? Ta tsakuwa ce, ta yashi ce, ko tayar hagu ce ke kukan iska?"

Da farko ban gane komai ba. A hankali hannuna ya fara rarrabewa. Kawu yakan ce ido ganin hanya kawai yake yi, hannu ne ke jin ta.

Wata rana da damina ya ba ni tuƙi. Muna cikin tafiya sai na ji sitiyarin nan mai taurin kai ya yi sakayau a hannuna. Na ji daɗi, na ce yau motar ta san ni, na ƙara wuta. Ashe laka muka hau. Motar ta zame ta jingina da gaɓar hanya, huhun goro uku suka faɗo cikin taɓo. Kawu bai mare ni ba. Ya sauko ya dubi goron, ya dube ni, ya ce, "In sitiyari ya yi maka sauƙin da bai saba ba, ba ƙaunar ka yake yi ba. Taya ce ta saki ƙasa."

Wannan ne kuskurena na farko a kan hanya, kuma ki riƙe maganar Kawu. Hanyoyin ƙauyukan Bariyenu jar ƙasa ce, da damina sabulu ce. Duk sa'ad da kika ji gaban mota ya yi miki sakayau, ki ɗaga ƙafa daga wuta a hankali, kada ki taka birki da ƙarfi, kada ki fizgi sitiyari. Amma ba za ki ji wannan gargaɗin ba sai in sitiyarin yana da nauyin da zai iya rasawa. Wanda kullum yake sakayau ba shi da abin da zai gaya miki.

Na san wannan tun ina saurayi. Ki lura da kyau: na sani.

Tsohuwa ta shigo gidan nan kafin a haife ki. Na saye ta hannun wani likita da zai koma ƙasarsu. Innarki ce ta raɗa mata suna, don ta ce tun ranar da ta zo tana tafiya kamar mai jin nauyin mutane. Yau samari na tsayar da ni a bakin masallaci suna cewa in sayar musu, wai irinta ta zama abin tarihi. A lokacin mota ce kawai. Sitiyarinta yana da taimako daidai gwargwado: a tsaye sai ka sa hannu biyu, a kan hanya kuwa kana jin kowace tsakuwa.

Ga yadda taimakon yake, yadda Bio ya fahimtar da ni. Ke da kika karanci zuciya da jijiyoyi ba zai yi miki wuya ba. Akwai famfo a gefen inji, bel ke juya shi. Famfon yana tura mai da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa akwatin sitiyari, man nan shi ke taya hannun direba juya tayoyi. A cikin famfon akwai ɗan bawul mai ƙayyade ƙarfin turin, a jikinsa kuma akwai wasu 'yan zobba na ƙarfe, sirara, ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba. Bio yana ce musu rondel. In an ƙara su ƙarfi ya ragu, in an cire ya ƙaru. A bakin famfon kuma akwai ɗan huji da man ke bi. In an faɗaɗa shi, man ya yi yawa.

Shekara biyu bayan na bar koyarwa, kafaɗata ta dama ta fara ciwo. In zan shigar da mota gida sai na cije. Ban gaya wa Innarki ba. Mutumin da ya tuƙa motar goro ya ce ƙaramar mota ta gagare shi? Sai na tafi garejin Bio, ƙarƙashin mangwaron nan da kika sani.

Na ce, "Bio, so nake sitiyarin nan ya yi laushi, in juya shi da yatsa ɗaya."

Ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu, ya kira ni malam da Faransanci kamar yadda ya saba. "Metir, sitiyari ne ke ciwo ko mai sitiyari?"

"Ka yi aikin da aka sa ka, ku Bargawa ba ku san tsayawa a kan magana ɗaya ba."

"Mu ne ba mu sani ba? To ji magana ɗaya: non, a'a. In na cire rondel na faɗaɗa huji, za ta yi maka biyayya a tsakar gida, ta zama kurma a kan hanya. Je ka asibiti a duba kafaɗar."

"Ni na koya wa 'ya'yanka karatu."

"Shi ya sa ba na son in kashe ka."

Na ce in bai yi ba zan kai wa wani. Ya san zan kai, ya kuma san wanin zai ɓata fiye da haka. Ya yi. Da ya gama ya naɗe 'yan zobban biyu a takardar siminti ya cusa mini a aljihu, ya ce, "Riƙe. Za ka dawo da su."

Ranar Juma'ar da ta biyo, na juya mota a gaban masallaci da yatsa ɗaya, ɗaya hannun a waje ina gaisawa da mutane. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Shawarata a nan gajeriya ce. In jikinki ya gaza, ki ce ya gaza. Kada ki gyara duniya don ki ɓoye kafaɗa. Kuma in mai sana'a ya ce miki a'a alhali a'ar ba ta amfane shi da komai ba, ki zauna ki saurare shi. Ke ma za ki zama mai cewa a'a. Wata rana wani maigida zai tsaya a kanki yana cewa lallai matarsa ta haihu a gida don haka uwarsa ta yi. Ki fi Bio taurin kai.

Yanzu ga abin da na daɗe ina kewayewa.

Kina ajin ƙarshe na sakandare lokacin da muka tafi Jugu sunan jikan Ladi, ni da Innarki. Kashegari ta ce mu leƙa wajen Bariyenu ta sayi doya da wagashi, cukun nan na Fulani, don na can sun fi na Paraku. An yi ruwa da safe. Muka bar babbar hanya muka shiga jar ƙasa mai gargada. Ina gudu fiye da yadda ya kamata, don motar ba ta gaya mini komai ba. Hannuna yana jin kamar a kan kwalta nake. Sai wani manomi ya fito daga hanyar gona a kan babur, ya ɗauro doya a baya. Ba kusa sosai yake ba. Da Tsohuwa ta da ce, da na kauce masa mun wuce ina yi masa tsiya ta taga. Na juya sitiyari da ƙarfin da hannuna ya saba shekara da shekaru. Motar ta juya ninkin abin da na nema. Na mayar, ta wuce ɗaya gefen. Muka faɗa rami ta gefen da Innarki take.

Kin san sauran. Kin san kwatangwalon da ya karye, da watannin kwanciya, da sandar da ta riƙe har ƙarshen ranta. Abin da kika sani game da dalili kuwa shi ne abin da na gaya wa kowa: wani mai babur ne ya faɗo mana.

Mutumin bai gudu ba. Ya yar da babur da doya, shi ya fara shiga ramin, shi da mutanen gona suka fito da ita. Ni kuwa na tsaya a bakin hanya, jini a goshina, ina zazzaga masa Faransanci a gaban 'yan ƙauyensu. Bai san Faransanci ba, amma ya gane. Ya sunkuyar da kai. Sunansa Tairu. Bayan kwana uku ya zo asibiti a Jugu da zabi biyu a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce a gaya masa ba ma bukata.

Uwata, na koyar da yara shekara talatin cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya. Mutum yana can yana ɗauke da nauyin ƙafar matata, ni kuwa ina karɓar jaje.

Aikin da za ki shiga aiki ne da kuskure ke da tsada. Za ki yi kuskure, kowa na yi. Ranar da kika yi, za ki waiga ki ga akwai wani kusa da ke wanda ya fi ki rauni: mai shara, ko tsohuwar da ta rako mai naƙuda, ko mijin da bai iya karatu ba. Zai yi sauƙi ƙwarai ki ɗora masa, kuma zai karɓa, don yana ganin mai farar riga ba ta kuskure. Kada ki yi. Faɗin gaskiya a ranar farko ɗaci ne na kwana kaɗan. Ni da na jinkirta, ga shi ina tauna ta da haƙoran da suka zube.

Bio ya gyara gaban motar. Sai da zan tafi ya ce, "Metir, rondel fa?" Na ce sun ɓace. Na ƙi mayar da su don mayarwar amsa laifi ce. Sai na daina fita wajen gari da mota, na ce wa mutane tsufa ne.

Ban san Innarki ta sani ba sai bayan kusan shekara biyu. Tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, ƙafar a miƙe bisa tabarma, ni ina duba jarida.

Ta ce, "Malam, mutumin Bariyenu bai sake zuwa ba."

Na ce, "Ai ya san abin da ya yi."

"Ya sani. Kai ma ka sani."

Na sauke jarida.

Ba ta ɗago kai daga faifai ba. "Ni ce a gefenka. Na ga hannunka. Kaɗan ka juya, motar ta juya da yawa. Shekara nawa kana tuƙa ni? Na san Tsohuwa kafin ka fara yi wa mutanen masallaci wasa da yatsa."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Kai ne mai jarida." Ta yi 'yar dariya. "Tarkacen da na tsinta a aljihunka ranar wanki, da ka ce na Bio ne, suna cikin kwallata ta ƙasa. Ba na gaggawa. Ko ka mayar, ƙafar ba za ta miƙe ba. Ni na yafe tun muna cikin ramin, da na ji kana kiran sunana na gaskiya, abin da ba ka taɓa yi ba. Amma ranar da yarinyar nan za ta riƙe motar, ka mayar da su."

Na ce to. Ta miƙo mini faifai ta ce in taya ta tsinta tunda bakina ya mutu.

Ko wannan alkawarin ban cika a kan lokaci ba. Kin sami lasisi, kin fara kai ta asibiti, kin fara zuwa kasuwa. Na ce wa kaina ai cikin gari ne, ba a gudu. Gaskiyar ita ce na san in an mayar da zobban, ni da tuƙi mun rabu. Kafaɗar dama ta ja ta hagu, hannuwan sun zama kara. Da sitiyari mai laushi ina iya kai kaina masallacin Juma'a, in je gaisuwar mutuwa, in zagaya in ga tsofaffin ɗalibaina a shagunansu. Bayan rasuwar Innarki wannan ɗan zagayen ne ya rage mini. Sai na bar ki shekara huɗu kina tuƙa motar da na san kurma ce, don kada a raba ni da makulli.

Tunda na buɗe kwalla, bari in juye ta duka. Shekara biyu da suka wuce, da aka fara tura ki aiki wajen gari, kin tuna na kwanta ciwo har kika nemi a ɗaga miki. Ciwon gaskiya ne. Nishin ne na ƙara wa gishiri. Na ji tsoron gidan nan ba motsin kowa. Na ga kin ninke takardar kin sa ƙarƙashin akwati, kin fito kina tambaya ko zan sha kunu, na bar ki kika fasa tafiyar. Ki yafe mini. Kuma ga shawara a kan kaina: in kika kira kika ji ina nishi a waya, kada ki kamo hanya. Ki kira Malam Isa maƙwabcinmu ki tambaye shi ko na fito sallar asuba. In na fito, to nishin na kewa ne, kewa kuwa ba ta kisa. Matarsa ta ce za ta riƙa aiko mini da tuwo, Bio kuma ya ce zai riƙa zuwa da yamma muna dara, ko da yake maguɗi yake yi.

Da takardarki ta biyu ta zo na ga an rubuta Bariyenu, sai na ajiye tabarau na daɗe zaune. Duk faɗin ƙasar nan, can. Na ce Allah ya gaji da jira na.

Ranar Litinin, kina wajen sallama da abokan aikinki, na shiga ɗakin Innarki na sauke kwallaye. Suna nan a ta ƙasa, cikin takardar simintin, ta ƙara ƙulle su a gefen tsohon ɗankwali. Na tuƙa Tsohuwa zuwa gareji na ajiye ƙullin a kan bonet.

Bio ya kwance, ya duba, ya dube ni. "Ka ce sun ɓace."

"An tsinta."

"Shekara goma sha biyu ana nema. Lallai gidanka da faɗi, Metir."

Ya mayar da zobban biyu. Hujin da ya faɗaɗa ba ya komawa, sai ya ciro wani bakin famfo daga wata matacciyar mota irinta da ke bayan gareji, wanda ba a taɓa ba, ya sa. Ya zubar da tsohon mai ya zuba sabo, ya canja tiyo ɗaya da ƙarfin turi ya kumbura. Ya ce da an ƙara wata biyu da ya fashe.

Sannan ya ce mu gwada ta. Shi ya tuƙa. Muka ɗauki hanyar Jugu, muka wuce gidajen ƙarshe, ya sauka kan wata jar hanya ta gonakin yazawa. Ban san lokacin da na miƙa hannu na ɗora a gefen sitiyari ba, kamar yadda nake yi a motar Kawu. Uwata, na ji ta. Na ji tsakuwa, na ji inda yashi ya fara, na ji gargada tana hawowa ta tafin hannuna har gwiwar hannu. Na ce, "Bio, tayar dama tana son iska." Ya tsaya ya duba, haka ne. Ya ce, "Ashe da sauranka."

Da muka dawo ƙofar gida na ce ya ba ni in shigar da ita da kaina. Na zauna, na kama da hannu biyu, na ja. Ta motsa kaɗan ta tsaya. Na sake ja har idona ya yi duhu. Bio ya juya yana kallon bishiyar Malam Isa kamar bai taɓa ganin darbejiya ba. Can ya ce, "Metir, matsa in shigar maka. Ƙofar nan taka ce ta yi ƙunci, tun da can na faɗa."

Na matsa. A nan na san aikin ya yi daidai.

To, ga yadda za ki zauna da ita. Kada ki yi kokawa da sitiyari mota na tsaye cik. Ki bar ta ta ɗan gangara, ko da taku ɗaya ne, za ki ji ya saki. Abin da ya wahalar da ke jiya a kasuwa ke nan. Kada ki murɗe shi har ƙarshe ki riƙe. In kika ji famfo na kuka, ki ɗan sassauta. Hannu biyu kullum, a jar hanya kuma manyan yatsunki su zauna a bayan sitiyari, kada ki cusa su ciki, don in taya ta daki dutse zai fizge. Ki duba iskar tayoyin gaba duk ranar kasuwa, rabin nauyin da mutane ke kuka da shi daga nan yake. Ki duba mai a ɗan gwangwanin famfo. Jan mai ne, kada ki yarda a zuba miki na inji. In kin sha kwana, ki sassauta riƙo ki ji yadda sitiyarin ke komawa tsakiya da kansa. Da can ba ki san wannan ba, don ban bar ki kin sani ba.

Makanikan Jugu za su ce miki, "Madam, wannan ai wahala ce, kawo mu sassauta miki." Da kyakkyawar niyya za su faɗa. Wani kuma zai ce a cire bel ɗin gaba ɗaya a huta. Shi ma kada ki yarda, don a lokacin sai ta fi motar goro tauri. Ki ba ta wata ɗaya. In bayan wata ɗaya kafaɗunki ba su saba ba, ki kawo ta wurin Bio, shi kaɗai, ku yi shawara. Amma na san hannuwanki. Na Innarki ne. Ita ce ke ɗaga tukunyar biki ita kaɗai tana zagin masu kallo.

Ki ci abinci kafin ki fita, ko da an zo kiran ki da gaggawa. Ki gai da tsofaffin matan ƙauye da harshensu ko da kalma biyu ce, su ne za su buɗe miki ƙofofi. Gwaggonki tana da yawan magana, ki yi haƙuri da ita, ita kaɗai ta rage mini a cikin 'yan ɗakinmu.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ji wani abu mai nauyi. Makullin Tsohuwa ne na biyu, wanda ke aljihuna tun kafin a haife ki. Ba ni da abin yi da shi. Kada ki dawo mini da shi don tausayi.

Saura roƙo ɗaya. In kin zauna kin san mutane, ki tambaya a hankali ko Tairu yana da rai, manomin doya, wanda motar wani malamin makaranta ta faɗa rami a gabansa. Za su tuna. In kin same shi kada ki ba shi haƙuri a madadina. Wannan ba kayanki ba ne. Ki dai gaya mini. Sai ki zo hutun farko ki ɗauke ni. Zan sa Malam Isa ya nemo mini zabi biyu. Zan zauna a kujerar Innarki, ke ki tuƙa, in muka sauka kan jar ƙasa ki bar ni in ɗora hannu a gefen sitiyari. Ba zan juya ba, ba zan ma iya ba. So nake in ji hanyar da na ƙi ji.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da santsin hanya da gaggawar zuciya. Ya sa albarka a hannuwanki, duk jaririn da suka tarba ya zo da kuka mai ƙarfi, duk uwar da suka riƙe ta tashi da ƙafafunta. Ya jiƙan Innarki, ya haskaka kabarinta. Ya ba Tairu tsawon rai har in iso.

Ki tafi a hankali, Uwata. Hannu biyu.

Ni ne mahaifinki,
Malam Garba